Harafin da Ruwa Ya Ci

Duk wanda yake son ya san yadda ake mulkin 'yan Adam, kada ya wahalar da kansa zuwa majalisa, kada kuma ya ɓata kuɗinsa a kan littattafan tarihi. Na karanta su, yawancinsu jerin sunayen matattu ne. Ya je ƙofar sito ranar da sukari ya iso gari cikin watan azumi. A nan zai ga sarauta tsirararta: mai rabo a kan kujera a inuwa, masu jira a rana, 'yan fada suna raɗa a kunne, da talakan da ya zo tun hantsi aka ce masa ya dawo gobe. Na san haka domin na taɓa hawa wannan gadon. Mulkina bai wuce yini ɗaya ba, amma ya ishe ni kunyar shekara talatin da uku.

Azumin bana ne ya tono mini zancen. Wata ya gama zagayensa ya dawo ya sauka a farkon damina, daidai inda na bar shi ina saurayi. Rana ta gasa ka har azahar, da la'asar hadari ya taso daga gabas ya yi ta cika baki, wata rana ya zuba, wata rana ya watse ya bar ka da gumi. Shekaranjiya na bi layi a ƙofar wani babban kanti na zamani a Wunti, irin wanda ake miƙa wa mutum kwando ya ɗebi kaya da hannunsa, in akwai kayan. Da na iso gaba, matar da ke karɓar kuɗi ta ce, "Baba, sukari akwai, amma sai ka haɗa da man goge takalmi gwangwani biyu."

Na dubi ƙafata. Silifa ce ta roba.

"Ba laifinmu ba ne," in ji ta. "Haka dila ya haɗa mana, mu ma haka muke haɗa muku."

Mutumin da ke bayana ya shiga zagin dila da kakannin dila. Ni kuwa na biya, na karɓi man takalmina, na fito. Ba haƙuri ne ya rufe mini baki ba. Wanda ake zagin nan, na taɓa zama shi.

A shekarun da ake ta maganar mulkin kai amma ba a ga ko ƙeyarsa ba tukuna, ni akawu ne a siton wani kamfanin Turawa a nan Bauchi. Ba zan kira sunansa ba, ya daɗe da mutuwa, kuma laifin da zan faɗa ba nasa ba ne. Ba ma sayar da ɗai-ɗai. Gishiri, sabulu, ashana, kananzir, bula, madarar gwangwani, sukari mai ƙwaya, duk a hannunmu masu ƙananan kantuna da 'yan tebur suke sara, daga Wunti har Ƙofar Dumi har ƙauyukan kewaye. Jirgin ƙasa bai iso mu ba a lokacin. A Jos yake sauke kaya, mota ta ɗauko, hanyar kuwa jar ƙasa ce. In aka yi ruwa sai a sauke shinge, babu motar da za ta wuce sai hanya ta sha iska. Saboda haka ruwan da manomi yake roƙo shi ɗan kanti yake tsoro, kuma sau da yawa mutum ɗaya ne yake yin duka biyun, a sahu ɗaya, da tafin hannu ɗaya.

Mu uku ne a siton, in an cire 'yan dako. Akwai Bature, wanda muke kira Mai Lofe. Akwai Yohanna, mai riƙon makulli, mutumin duwatsun kudu ne, Kirista, tsohon soja, ya girme ni da kusan shekara ashirin. Sai ni, Garba, na fito makarantar Midil da takarda mai hatimi, da gajeren wando mai guga, da alƙalami biyu a aljihun gaba, ɗaya ba ya rubutu. Yohanna ya san kowane buhu a siton nan ta wari da nauyi, amma Hausarsa ba ta raba mace da namiji, ni kuwa na ɗauki gyara masa ita aikin da Allah ya turo ni duniya in yi. In ya ce "mota ya zo," sai in ce "ta zo." Yakan ce, "To, Akawu, ko ya ko ta, kaya dai a sauke."

A gidan kawuna nake zaune, Kawu Sambo, ƙanen mahaifiyata, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina. Yana da ɗan kanti a Ƙofar Dumi, faɗinsa bai kai tabarma biyu ba, amma babu kantin da ya kai shi daraja a unguwar, kuma darajar ba a kan katako take ba. Kawu ba ya sayar da abin da bai ɗanɗana ba. Gishiri ya lasa, man gyaɗa ya lasa, sukari ya ɓalli gefen ƙwaya, kananzir ya shinshina. Yawancin masu sayen kayansa matan gida ne da ba su taɓa ganin kantin da idonsu ba. Aike suke yi, su ce, "A karɓo wajen Sambo." Ba a ƙara da "a duba da kyau." Wannan kalmar ita ce jarinsa duka. In ta faɗi, abin da ya rage katako ne da kwanon awo.

Azumin shekarar ya zo da nauyi. Daminar baya ba ta yi kyau ba, rumbuna sun yi ƙasa tun kafin bazara ta kai rabi. An yi ruwan fari, mutane suka yi shuka, sai sama ta rufe bakinta har gero ya fara murɗewa kamar igiya. Muna da gona a Miri. Da asuba bayan sahur Kawu yakan tafi da hauya, ya dawo da hantsi ya buɗe kanti, leɓɓansa sun yi fari kamar ya ci toka. Sahur ɗin ma ɗumamen tuwon dawa ne da miyar kuka wadda ta ji labarin daddawa daga nesa. Da yamma matarsa, Inna Asabe, takan dama kunun tsamiya mai ruwa-ruwa, a yi kwaɗon tafasa ko na rama, ƙosai kuwa sai ranar Juma'a, shi ma a ƙirge. Mazarƙwaila ta yi tsada har ta ɓace daga kasuwa. Mutumin da ya yini da ƙishi a irin wannan zafi, ba nama yake mafarki ba. Ɗan zaƙi yake so a cikin kunu, ko da ƙwaya ɗaya, ya ji cewa duniya ba ta manta da shi ba.

Sukari kuwa babu. Sitonmu ya yi wayam har 'yan dako suna kwanciya a inda buhuna suke. Da ruwa ya dawo, dawowar haushi ya yi. Kwana da kwanaki ana tafkawa, katangu suna zubewa a cikin gari, kwaɗi suna wa'azi a kowane lungu, shingen hanyar Jos a sauke. Kullum masu kantuna su zo su zauna a barandarmu, su dubi hanya, su dubi sama, su tashi. Mai Lofe ya gaji ya tafi Jos da kansa ya taso motar, zazzaɓi ya kwantar da shi a can. Ya aiko da 'yar takarda: Yohanna ya riƙe makulli, Garba ya yi rabo.

Na karanta takardar nan sau bakwai. Na karanta wa Yohanna sau biyu, ko da yake bai tambaya ba.

Motar ta iso da hantsi, azumi ya raba tsakiya, ta shigo tana tangaɗi, ja jawur da taɓo har gilashi. Direba ya ce sun kwana biyu a bakin wani rafi, ruwa ya shiga tamfol. Kafin a kashe inji labari ya kai Ƙofar Dumi. 'Yan dako suka tuɓe riguna, da azumi a bakinsu, suna sauke kaya suna waƙa da murya a dushe, masu kantuna da kansu suka sa hannu, har da waɗanda ba sa ga maciji da juna. Ƙasa tana tururi, warin jiƙaƙƙen buhu da na sabulu ya cika siton. Sukari ya zo, amma bai kai rabin abin da ake jira ba. Daga can ƙarshen mota kuma aka sauko da wasu akwatunan katako, jiƙe sharkaf, waɗanda babu wanda ya yi odarsu.

Sai in bayyana haɗi, don yaran yanzu suna zaton su suka ƙirƙiro shi. In babban sito na Jos yana da kayan da suka ƙi tafiya, sai ya cusa su a motarmu. Mu kuma in abin da ake rububi ya zo, sai mu ce ba a ba ka shi sai ka ɗauki wancan. Ɗan kanti ya karɓa yana murmushi, ya kai gida ya jefa a ƙarƙashin tebur, ya ɗora asarar a kan ashana. Ta haka ne aka taɓa samun tsohon da bai da haƙori ko ɗaya yana da buroshin haƙori dozin uku. Kowa ya san wasan. Ba a tambayar amfanin kayan haɗi, kamar yadda ba a tambayar amfanin haraji.

Yohanna ya ɓalle murfin akwati ɗaya. Ƙananan gwangwanaye ne, rawaya, an jera su kamar sojoji. Na ɗauki ɗaya na duba. Ga yadda na ba da labarin nan shekara da shekaru, ga kuma yadda nake tuna shi: ruwan rafin nan ya jiƙa takardar jikin gwangwanin ya cinye harafin farko na sunan, ya bar sauran. A Turanci kuwa akwai abubuwa biyu da harafin farko kaɗai ya raba sunayensu. Ɗaya kastad, wani gari ne rawaya da ake damawa kamar koko, mai daɗi, na taɓa shan cokali uku ranar rabon kyaututtuka a Midil. Ɗayan mastad, shi ma gari ne rawaya, amma yaji ne mai hawa hanci, Turawa suna ɗan shafa shi a gefen nama. Na farko da C yake farawa, na biyu da M. Na farkon na sani. Na biyun ban taɓa jin an ambace shi ba.

Na ɗaga gwangwanin sama yadda kowa zai gani. Na ce, "Jama'a, yau haɗinku ba asara ba ne. Wannan kunun Turawa ne. Shi Sarkin Ingila yake sha."

Yohanna ya juya wani gwangwani a hannunsa, ya kai hanci wajen murfin.

"Akawu," ya ce a hankali, "gwangwanin nan, ita kamar na taɓa ganinta a teburin hafsoshi, kuma ba a..."

"Shi," na ce. "Gwangwani namiji ne. Na taɓa ganinsa."

Aka yi dariya. Na ji daɗin dariyar nan har cikin ƙashina. Yohanna bai ƙarasa maganarsa ba, sai ya sake wata.

"To bari in buɗe ɗaya in lasa. Ni ba na azumi. A duk wurin nan harshena kaɗai ne yake aiki yau."

"Ba a buɗe kayan kamfani," na ce. "Kuma abin da aka rubuta ba ya bukatar harshe, ido yake bukata, da makaranta."

Ya ajiye gwangwanin a hankali kamar ƙwai, ya koma bakin ƙofa ya tsaya da makullansa.

Na yi rabo. Na zauna a kujerar Mai Lofe, na sa aka jawo ta inuwa, ina kiran suna ɗaya-ɗaya. Kwalin sukari kaza, gwangwani kaza. Dattawan da suka ga haihuwata suna ce mini "ranka ya daɗe," ni kuma ina amsawa da ka. Masu wayo suka karɓi kunun Sarkin Ingila da godiya, kuma daga baya na gane ƙarƙashin tebur suka kai shi, inda kowane haɗi yake zuwa. Mutum ɗaya ne ya ɗauki maganata da gaske.

Kawu Sambo ya zo ƙarshe, don kada a ce na fifita shi. Ya ɗauki gwangwanin ya auna shi a tafin hannu, ya kai kusa da baki, sai ya tuna, ya sauke.

"Garba, ka san ba na sayar da abin da ban taɓa da harshe ba. Ga shi kuma rana tana tsaka."

"Kawu, ni na sha. Koko ma baya yake bi."

"Na bari sai an sha ruwa in gwada, in fitar gobe?"

"Gobe kowane tebur a garin nan yana da shi. Yau ne naka."

Ya dube ni, irin duban da manomi yake yi wa gonar da ta fara fitar da kai. Shi ya sayar da akuyarsa ya ɗinka mini kayan Midil. Ya ce, "To. Yau bakinka ne harshena." Sai ya juya wajen sauran, ya ce duk wanda nasa ya yi masa yawa ya kawo ya saya, don kada a mayar wa yaro da kaya sito kafin Bature ya dawo. Sun kawo da gudu. Da kura aka tura masa su har Ƙofar Dumi.

Ban ga cinikin ba, ina sito, amma an ba ni labari. Kafin la'asar sakaliya babu ko ɗaya a kantin sai wanda ya ware wa gida. Kowace mace ta aiko a karɓo sukari, sai a koma mata da albishir cewa Sambo ya kawo kunun Turawa, ga kuma yadda ɗansa mai boko ya ce a dama. Ba wadda ta tambaya ko ya lasa. Ba a taɓa tambaya ba.

Na dawo gida rana ta yi ja, an ɗan yi yayyafi, ƙasa tana ƙamshi. Na tsaya a kan Inna Asabe a bakin murhu ina ba da umarni kamar mai duba makarantu: a kwaɓa da ruwan sanyi tukuna, sannan a sheƙa tafasasshe, a jefa sukari ƙwaya shida. Ƙwaya shida, a gidan da ya yi sati uku bai ga ɗaya ba. Tana kwaɓawa tana kau da kai.

"Garba, kunun nan naka tun ba a sha ba yana sa ni kuka."

"Ƙamshin Ingila ne, Inna. Sai an saba."

"Su dai Turawan nan Allah ya ba su haƙuri."

Aka kira salla. Muka zauna a zaure ni da Kawu. Ya sha ruwa, ya ci rabin dabino ya miƙa mini rabi, ya yi bisimilla, ya cika ludayi ya kai baki. Na ga kunnuwansa sun motsa. Idanunsa suka cika, jijiyar wuyansa ta miƙe, amma ya haɗiye, domin Kawu bai taɓa tofar da abinci ba. Na kurɓi nawa. Ban san yadda zan kwatanta ba, sai dai in ce kamar an zura allura mai zafi ta hanci ta fito ta tsakar ka, ga ɗaci, ga zaƙin sukarin nan shida yana biye a baya yana ba da haƙuri.

Sai muka ji daga gidan da ke jikin namu wani ya yi atishawa. Daga tsallaken lungu wani ya amsa. Kafin mu aje ludayi unguwar duka ta ɗauka, tari, atishawa, salati, yara suna ihu a kawo ruwa. Da labarin wani ne, da na ce ban taɓa jin abin dariya irinsa ba.

Bayan an idar da magariba suka zo, kowa da ƙwaryarsa ko kwanonsa, kamar masu kawo shaida gaban alƙali. Ina ganin sun doso na zame na shige bayan asabarin ƙofar cikin gida. Daga nan nake ji, ina kuma gani ta tsakanin karare.

Liman ne ya fara, idonsa jawur. "Malam Sambo, me muka yi maka? In wani laifi ne, ai da ka bari sai bayan salla."

Wasu suka yi dariya, wasu ba su yi ba. Sai wata tsohuwa mai sayar da ƙuli, Iya Delu, ta kutso gaba. Mijinta ya yi wata biyu a kwance, ba ya iya haɗiye tuwo. Kazarta ta sayar da rana ta sayi gwangwani ɗaya da 'yan ƙwayoyin sukari, ta zuba su duka.

"Ni ban damu da garin ba," ta ce. "Sukarin da na zuba a ciki fa, Sambo? Wa zai tsamo mini shi?"

Babu wanda ya yi dariya. Daga baya wani ya ɗaga murya: "Ba ɗanka ne ya raba kayan ba? Ba shi ne mai karanta Turanci ba? Ina yake?"

Tsakanina da su taku uku ne da asabari. Na san abin da ya kamata in yi, an koya mana shi a Midil, har da jarrabawa. Na tsaya ina kallon ƙafafuna.

Kawu ya ce, "Yaro ya ba ni kaya, ni na sayar muku. Shekara ashirin ina lasawa, yau ban lasa ba. Laifin a nan yake." Ya nuna bakinsa. "Ku je ku ci abinci. Gobe zan zo gida-gida."

Ya kuwa je. Bai tafi gona ba. Ya ɗauki kason sukarinsa duka a ka, wanda da shi ne zai fitar da ribar azumi da ɗinkin salla, ya bi lungu-lungu cikin taɓo yana sallama, yana tambayar kowace mace ƙwaya nawa ta zuba, yana mayar mata, yana karɓar gwangwaninsa. Wasu sun faɗi gaskiya, wasu sun ƙara, bai yi musu da kowa ba. Iya Delu ya ba ta ninki. Da azahar ya dawo da buhu cike da gwangwanaye yana ƙara, ya haƙa rami a bayan gida ya binne. Sauran azumin nan kunun tsamiya muka sha tsurarsa. Inna Asabe tana aje mini ludayina a inda ta saba, ba ta rage mini ko ɗigo ba. Da sun zage ni, da na samu abin riƙewa.

Unguwa ta sa masa suna Sambo Atishawa, ya bi shi har kabari. Aike bai tsaya ba, amma an yi masa jela: "A karɓo wajen Sambo, a ce ya lasa tukuna." Sannu a hankali wasu gidajen suka koma aikawa Wunti. Ban ce gwangwanin nan kaɗai ne ya kashe kantin ba, manyan kantuna sun zo, zamani ya juya. Amma daga ranar ya fara tari. Kanti ya koma tebur, tebur ya koma faifai a ƙofar gida, Kawu ya koma wa gonar Miri. Bai daina saro kaya a hannuna ba muddin ina siton, sai dai duk abin da na miƙa masa sai ya taɓa da harshe a gabana, har sabulu, har bula. Ya lasa, ya gyaɗa kai, ya ce, "Madalla, Garba."

Da Mai Lofe ya dawo, ramamme, ya tambayi inda akwatunan suke. A nan ne na fara faɗin maganar ruwa: rafi, tamfol, jiƙaƙƙiyar takarda, harafin da ya ɓace. Ya yi dariya har lofensa ya faɗi. Ya ce kayan nan sun shekara biyu a Jos ko Turawan ma'adinai sun ƙi su, ga shi na kawar da su a yini ɗaya, lallai ina da gaba a ciniki. Yohanna yana tsaye da makullansa yana nazarin rufin kwano, kamar an rubuta wani abu a can. Bai tona ni ba, ran nan ko bayanta. Ni kuma ban sake gyara masa Hausa ba, wannan kaɗai ne tuban da na iya.

Mulkin kai ya zo, aka sauke tuta aka ɗaga tuta, ni kuma na bar sito na shiga koyarwa. Turanci na koyar, shekara ashirin da wani abu, da jan alƙalami mai rubutu. Na zagaye harafi ɗaya a littattafan yara fiye da yadda zan iya tunawa, kuma kowace shekara nakan ba aji labarin kunun Turawa, su yi ta dariya, in rufe da cewa su lura da abin da ruwa kan yi wa rubutu. Na faɗa har na fara ganin takardar nan a idona, yadda ta kumbura, yadda gefenta ya naɗe. Sau ɗaya na ba da shi a gaban Kawu, a wani taron suna. Da aka gama dariya ya ce, "Ruwan shekarar nan ya yi ɓarna." Ya ci gaba da ɓare goronsa. Bai daɗe ba ya rasu.

Bana na aje aiki. Shekaranjiya da na fito daga layin Wunti, sai na wuce Ƙofar Dumi in kai wa Inna Asabe rabin sukarin. Ta tsufa, ido ya yi rauni, amma baki yana nan. Ta shafa kwalin, ta shafa man takalmin, ta tambayi ko shi ma damawa ake yi. Sannan ta ce, "An ce ka bar makaranta?"

"Na bari, Inna."

"Gaba ɗaya? Ba za su sake kiranka ba?"

"Gaba ɗaya."

Ta sa na jawo mata adakarta daga ƙarƙashin gado. Ta lalubo wani abu naɗe a tsohon zane ta ɗora mini a cinya.

"Kawunka bai binne duka ba. Wannan ya kai wa Yohanna washegari ya karanta masa. Kawun naka ya ce in ba ka, amma ba kana aji ba, kada yara su rasa malami."

Na kawo shi gida. Ga shi a kan teburina yanzu, kusa da man takalmi, gindinsa ya yi tsatsa. Na sa tabarau, na kai shi bakin taga, na juya shi ta kowane gefe ina neman inda takardar ta jiƙe.

Babu takarda. A jikin ƙarfen aka buga sunan. Harafin farko M ne, ja, tsawonsa ya kai rabin ɗan yatsana.